Firgitar Da Ta Zauna A Jiki
Jawabi ga jama'a a garin Gombe



A 2014 bam ya tashi a Tashar Dukku, a 2015 kuma a babbar kasuwar Gombe. An ɗinke raunuka, amma akwai ciwon da ido ba ya gani. Har yau wani in taya ta fashe sai gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa, barci ya gagare shi. Wannan ba ragwantaka ba ce. Jiki ne ke ta shirin gudu alhali hatsari ya wuce.

Saboda haka masu ba da shawara sukan fara da jiki. Mutum zai zauna, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya ja numfashi, ya sake shi sannu a hankali, domin hakan yana sassauta bugun zuciya. Sa'an nan ya lura da inda ya ɗaure masa, wuya ne, ko ƙirji, ko ciki. Ba a matsa masa ya ba da labari sai ya natsu.

Wanda abin ya zarce masa wata guda, ku raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya ga likita. Kada ku yi masa gori.

Allah ya ba mu lafiya.