A Auna Kafin a Liƙe: Yoyon Ruwa a Injin Alminiyam

Lacca gaban kanikawa da ɗaliban koyon sana'a a Agadas



Ba sai na tuna wa mutumin Agadas abin da tsayuwar mota a Tenere ke nufi ba. Duk mun san mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit a Oktoban 2013, bayan motocinsu sun lalace. Don haka ku yi haƙuri in na yi zafi.

Yawancin ogoginmu a kan 1HZ suka koyi aiki, injin zubin ƙarfe mai yafe ganganci. Yau motocin da ke zuwa Jado da Dirku, da yawansu V6 ne, 1GR, gangar jikinsa alminiyam. Alminiyam in ya ji wuta yana buɗewa kusan ninki biyu na zubin ƙarfe. Tafasa ɗaya ta isa ta karkatar da kilas, wato kan inji. Kusoshin kilas kuma, in aka ɗaure su da ƙarfin damtse maimakon sifana mai awo, sai zaren ramin ya tsinke, gaskit ya saki, alhali jiya aka haɗa injin.

Rigimata da abokan aiki a nan take: muna liƙe abin da ba mu gano ba. Direba ya ce ruwa na raguwa, sai a zuba garin toshewa a lagireto, wani ma ƙwai ko barkono. Suna cewa ai yoyon yana tsayawa. Yana tsayawa zuwa bakin gari, sannan abin da aka zuba ya toshe siraran bututun lagireto.

Ga yadda ake gano yoyo: a bar inji ya huce. A ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a hura zuwa awon da ke rubuce a murfi, wajen bar 1.1, a zuba wa allurar famfon ido minti goma sha biyar. In ta sauka, akwai ƙofa. A bi da tocila: bakin tiyo, ƙasan famfon ruwa, layin da kilas ya haɗu da ganga. Inda ruwa ya daɗe yana tsatsafowa za ka ga farin ɓawo, ko ruwan hoda. In waje a bushe yake amma allura na sauka, a cire fulogi. Wanda ya fito fes alhali 'yan'uwansa sun yi baƙi, silindarsa ce ke shan ruwa. A duba murfin mai; in ya yi kamar kindirmo, ruwa ya riga ya shiga mai. Sai an kai nan ake maganar gyara: a wanke fuskar kilas a injin fiƙe, ramin da zarensa ya tsinke a sa masa sabon zare, tsaga kuma a kai wa mai waldar argon.

Sai kuma ruwan da ake zubawa: ruwan rijiya mai gishiri da kanwa yana cin alminiyam ta ciki. Tsada ba hujjar zuba shi ba ce. Jarkar ruwan sanyaya inji ba ta kai kuɗin kilas ba.

Abin da na daɗe ina nema shi ne ƙungiyar kanikawa ta sayi famfon gwaji da sifana mai awo a kowace unguwar gareji, a riƙa aro. Makarantun sana'a su sa gwajin a jarrabawa. Masu tashar mota kuma su ƙi loda wa duk motar da aka sake haɗa injinta sai ta zo da takardar gwaji mai sa hannun bakanike.