Takardar Da Aka Liƙa A Ƙofar Zaure

Yau shirin namu a gida zai tsaya, gidan da mutum ya gina da guminsa ko ya gada, a nan Hanwa da Tudun Wada da sauran unguwannin Zariya. Maganar harajin gida za mu yi: wa ke yanka shi, da wane ma'auni, kuma a ina ne mai gida yake da bakin magana.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mai gidanta ya rasu ya bar ta da gida da marayu, ta aiko jikanta ya kira ni. Na same ta a zaure riƙe da wata takarda da aka liƙa mata a ƙofa, gefenta duk ya yage wajen ɓamɓarowa. Ta ce, "Malam, duba mini, ko gidan ne za su ƙwace?" Na duba, na ga takardar neman biyan haraji ce. Amma da na bi ta layi-layi sai na ga an rubuta ɗaki 9 da shago 2. Gidan nan na san shi tun ina yaro. Ɗaki 6 ne, ɗaya ma damina ta kayar da bangonsa, awaki ke kwana a ciki. Shago kuwa ɗaya ne tak, na biyun wata taga ce da jikarta take miƙo ƙuli-ƙuli da ƙanƙara ta ciki. Ga alama wanda ya zo ƙidaya a waje ya tsaya, ya ƙirga tagogi, ya yi gaba. Na ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ba ƙwace ba ne. Amma wannan lissafin ba na gidanki ba ne."

To, abin da nake so mu riƙe ke nan tun daga farko. Kuɗin da ka gani a ƙasan takardar haraji ba daga sama ya faɗo ba, abu biyu aka haɗa suka haife shi. Na farko ƙiyasi, wato darajar da aka yi wa gidanka. Na biyu kaso, wato nawa za a cire daga cikin kowace naira ɗari ta wannan darajar. Shi kason, doka ce ta yanke shi, kuma ɗaya ne a kan duk gidajen da suke aji ɗaya. Ko ka kwana kana musu da ma'aikacin da ya kawo takarda, ba shi da ikon rage maka ko kwabo. Ƙiyasi kuwa naka ne kai kaɗai, mutum ne ya zo ya yi shi, kuma mutum yana kuskure. Yawancinmu a kan kaso muke ɓata baki, mu bar ƙiyasin da ya fi kamata mu sa wa ido.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kafin zuwan Turawa, a nan ƙasar Zazzau ana karɓar kuɗin galma, wato da yawan masu riƙe galma a gida ake auna abin da gidan zai biya. Marina suna biyan kuɗin karofi, makiyaya suna biyan jangali. Da Turawa suka ci ƙasar, shugabansu Lugga ya fitar da dokar kuɗin shiga ta 1906, aka dunƙule yawancin waɗannan suka zama haraji ɗaya. A ƙasar Kano har malaman taki aka yi, masu bin gona suna auna ta da taku, su rubuta a littafi. Ka ga ke nan idan malamin taki ya matse takunsa, gonarka ta ƙara girma a takarda, harajinka ya hau, alhali ko kunya ɗaya ba ta ƙaru ba. Dattawanmu sun san zafin haraji, sun san gudun haraji, shi ya sa har yau ake tuna 1979, shekarar da Alhaji Balarabe Musa a jihar Kaduna da Alhaji Abubakar Rimi a jihar Kano suka soke haraji da jangali. Sai dai a lura, abin da aka soke harajin kai ne da na shanu. Na ƙasa da na gini suna nan a doka.

Yanzu kuma sai mu rarrabe tsakanin abu biyu da jama'a suke cakuɗawa, domin wani zai ce maka, "Ai na biya bara," alhali ɗayan ya biya.

Akwai kuɗin ƙasa. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Takardar shaidar mallaka da kake ji da ita, izinin zama ne da amfani na wasu shekaru, galibi 99, kuma a jikinta akwai sharaɗin biyan wani abu duk shekara. Wannan na filin ne, ko ka gina ko kango ne. A jiharmu ta Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka kafa zamanin Malam Nasir El-Rufa'i, ita ce ke riƙe da bayanan filaye da takardunsu.

Sannan akwai harajin ginin kansa, shi ne wanda ƙiyasi ya fi shafa. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa ƙiyasta gidajen jama'a domin haraji cikin ayyukan ƙaramar hukuma, majalisar dokokin jiha kuma ita ce ke tsara abin da za a karɓa. Tun kafin wannan kundin ma, maganar har Kotun Ƙoli ta je. Gwamnatin jihar Kano ta taɓa ba kamfanin Knight Frank and Rutley kwangilar ƙiyasta gine-ginen birnin Kano, rikici ya biyo baya, a 1998 kotun ta ce ai tun farko wannan ba hurumin gwamnatin jiha ba ne, aikin ƙananan hukumomi ne. Mu a nan wannan yana da amfani a sani, domin Zariyar da muke kira gari ɗaya, ƙananan hukumomi biyu ne suka raba ta: mazaɓar Hanwa tana ƙarƙashin Sabon Gari, Tudun Wada kuma tana ƙarƙashin Zariya. Saboda haka farkon abin dubawa a takarda shi ne kanta: wace hukuma ce ta aiko, kuma kuɗin mene ne take nema.

To yaya ake ƙiyasin? Hanyar da aka gada daga Ingila ita ce a tambaya: da za a ba da gidan nan haya, nawa zai kawo a shekara? Ko kai kake zaune a ciki da iyalinka, ba ka taɓa karɓar ko sisi ba, tambayar ke nan. Bari in ba da misali, lambobin kuma nawa ne na ƙirƙira don a gane, kada wani ya je ofis ya ce a rediyo ya ji. A ce gida mai ɗaki 6, kowane ɗaki zai yi hayar naira 60,000 a shekara. Jimla 360,000. A ce kaso biyar cikin ɗari ne, haraji ya kama 18,000. Yanzu a rubuta ɗaki 9 maimakon 6. Jimla ta koma 540,000, haraji ya zama 27,000. Kaso bai motsa ba, gida bai ƙaru ba, alƙalami ne kawai ya ɗora maka 9,000. Kuma ba na shekara ɗaya ba ne, domin abin da ya shiga rajista a nan yake zama, baɗi a sake kawo maka shi, baɗin baɗaɗa ma haka, har sai ranar da ka je ka ce a gyara.

Ɗaya hanyar ita ce ta darajar gidan gaba ɗaya: a auna faɗin fili a yi masa kuɗi, a auna ginin a yi masa kuɗi, a rage wani abu saboda tsufa. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465, ka ga idan aka rubuta maka 600 ka san akwai magana. Haka Legas take yi tun 2001, lokacin da ta haɗe kuɗin ƙasa da harajin gini wuri ɗaya. A 2018 ta sabunta dokar, kuɗin ya yi tsalle, jama'a suka yi ca, sai da aka rage, a 2020 kuma aka sake dokar. Ko a can ma ana sassauta wa ɗan fansho da ke zaune a gidansa, ba a kuma taɓa masallaci da coci da maƙabarta.

Abin da mai ƙiyasi yake dubawa ba ɓoyayye ba ne, duk dillalin gidaje ya san shi. Ginin bulo ne ko na ƙasa? Rufin kwano ne ko azara? Akwai tayil, akwai rijiyar burtsatse, banɗaki a cikin ɗaki yake ko a tsakar gida? Sannan uwa uba, a ina gidan yake? Gidan da ke bakin titin da ya tashi daga Kwangila ya nufi Samaru ba ɗaya yake da wanda ke can cikin lungu kusa da rafin Kubanni ba, inda ruwa kan shigo tsakar gida a watan Agusta. Garinmu garin makarantu ne. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 da harabarta ta Kongo, ga kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, ga jami'ar ilimi ta tarayya. Ɗalibai da ma'aikata kullum neman ɗaki suke, haya tana tashi, darajar gidaje tana binta. A nan ne abin yake da ɗaci, kuma ba zan ɓoye ba. Tsohon da ya gina gidansa a Hanwa tun ana noma dawa a bayan katangarsa, yau gari ya cim masa, filinsa ya yi tsada, amma fanshonsa yana nan inda yake. A takarda mai arziki ne, a aljihu kuwa sai a hankali. A ganina duk dokar da ba ta bambanta shi da mai gidan haya ɗaki ashirin ba, ba ta yi adalci ba.

Kai kuma da ka fasa katangar zaure ka fitar da shaguna uku, ko ka mayar da gidan makarantar kuɗi, kada ka yi mamaki idan ƙiyasinka ya canza. Gidan kasuwanci ajinsa daban.

Idan mai ƙiyasi ya zo, kada ka ɓuya, kada ka ce wa yara su ce ba ka nan. Wanda aka hana shiga, da ka zai rubuta, kuma ƙiyasin da aka yi da ka ba ya faɗuwa ƙasa, sama yake yi. Nemi katin shaidarsa. Idan kana shakka, aika a kira mai unguwa. A sanar da matan gida su kintsa, sannan ka zaga da shi da kanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to nuna masa yoyon: bangon da ya tsage, ɗakin da ba a kwana, layin da ruwan bara ya bari a jikin gini. Kafin ya tafi ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta.

Idan kuwa takarda ta riga ta zo da kuskure, kada ka sa ta ƙarƙashin katifa. Ƙorafi yana da wa'adi, duba jikin takardar ko ka tambaya a ofis ranar da ka karɓa. A rubuce ake yin sa, ba da baki ba. Faɗi abin da aka rubuta, faɗi abin da yake gaskiya, haɗa da hotunan gidan da ka ɗauka da waya, da kwafin takardar fili, da rasit ɗin 'yan haya idan akwai. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya ka dawo da shi gida. Idan gidan babba ne, kuɗin kuma mai nauyi, akwai ƙwararrun masu ƙiyasta kadarori da suke da rajista, ka biya ɗaya ya yi maka nasa lissafin. Gidan gado kuwa, magada su zauna su wakilta mutum ɗaya, domin gidan da kowa yake cewa na kowa ne, shi bashi yake taruwa a kansa, sai ranar sayarwa ko rabo a ga an ci rabin kason wani.

Batun biya kuma, a nan ne ake cutar mutane. Dokar haraji ta jihar Kaduna ta 2016 ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar KADIRS, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Saboda haka duk wanda ya zo ƙofarka ya ce kawo rabi a kashe maganar a nan, bai kashe komai ba, sunanka yana nan a kwamfuta da bashinsa. Biya ta banki ko ta hanyar da hukuma ta tsara, ka adana rasit tare da takardun gida. 'Yan haya kuma ku duba yarjejeniyarku tun ranar kama ɗaki, a rubuta wa zai ɗauki wannan nauyi, kada a zo ƙarshen shekara ana kai ƙara wurin mai unguwa.

Na san abin da wani yake faɗa yanzu a majalisa, rediyo a gefensa: mu biya a yi mana me? Kwata a toshe, shara ta yi tudu, famfo ya manta da ruwa. Tambayar tana kan hanya, kuma kansila da shugaban ƙaramar hukuma su ya kamata su amsa ta. Sai dai wanda ya je da rasit a hannu, muryarsa ta fi ta wanda ya je hannu rabbana.

Ita dai Hajiya, mun rubuta ƙorafi, babban jikanta ya kai, ya yi sawu uku kafin a turo wani. Wannan karon ya shiga ciki. Ya leƙa ɗakin da ya rushe, akuya ta leƙo shi, ya yi dariya ya soke lambar da ke takardarsa. Sabuwar takarda ta zo da ɗaki 5 da shago 1. Tana nan cikin tsohuwar kwallarta, tare da rasit.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake mayar da takardar cinikin fili ta hannun mai unguwa ta zama shaidar mallaka ta gwamnati.