Awa Uku a Kan Titi

Jama'a masu sauraro, wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan kiwon lafiya. Na san wasunku yanzu haka daga cikin adaidaita sahu suke saurarena, gwiwa ta haɗu da gwiwa, an tsaya cak a danja ana jiran hannu. Sannunku da hanya. Yau maganar taku za mu yi.

Duk wanda ya fito bayan sallar asuba a nan Kabara, cikin birnin Kano, ya tsaya kusa da Gidan Ƙadiriyya, zai ga mutane suna ta sauri su fita bakin titi. Wannan ma'aikacin kamfani ne a Sharaɗa ko Challawa, wancan yana aiki a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, ga mai rumfar hatsi a Dawanau, ga malamar asibiti da jakarta a kafaɗa. Rana na ɗagowa kuma sai ka ga wani ayarin yana shigowa ta Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Na'isa da Kabuga. Su ma 'ya'yan birni ne. Gidan gado ya cika, sun yi aure, sun kama haya a Rijiyar Zaki, Ɗorayi, Gaida, Mariri ko Bachirawa, amma abincinsu yana Kwari da Wambai da Singa, dole kullum su dawo.

Kakanninmu ba su san wannan wahala ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take ci, kuma daga Kabara zuwa can tafiya ce da ba ta kai rabin awa ba a ƙafa. Marini ya taka zuwa karofin Ƙofar Mata, baduku da maɗinki suna aiki a soron gida, malami yana zaure da almajiransa. Mutum ya yi azahar a masallacin unguwa, ya shiga gida ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa, ya koma. Tafiyar ƙafar nan kanta magani ce, suna sha ba su sani ba.

Yau gari ya tsallake ganuwa ya yi nisa. Ko a 2024 mun ga yadda aka mayar da 'yan kasuwar magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, can kan titin Zariya. A watan Janairun 2013 aka hana haya da acaɓa a Kano, adaidaita sahu ta gaji titi. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ya zama mutum yana tsayuwa a bakin titi yana barin 'yan sahu su wuce, yana jiran wanda zai rage masa naira ɗari. Wannan tsayuwar ma tana cikin lissafin tafiya.

Malam mai sauraro, bari mu yi lissafin tare. A ce awa ɗaya da rabi kake yi kafin ka isa wurin aiki, awa ɗaya da rabi kafin ka dawo. Awa 3 ke nan a rana. Kwana shida a mako, awa 18. Mako hamsin a shekara, awa 900. In ka raba da 24, za ka samu kwana 37 da rabi, dare da rana, kana zaune a kan titi. Sama da wata guda a kowace shekara, kuma ba mai biyan ka ladansa.

Daga ina ake yanko waɗannan awanni? Mai gidanka ba zai rage maka lokacin aiki ba, don haka daga barci ake yankowa. Likitoci suna cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 na barci a dare. Wanda ya iso gida ƙarfe goma, ya ci abinci, ya yi shafa'i da wutiri, ya kwanta sha biyu saura, sannan ya tashi kafin kiran assalatu, da ƙyar ya samu biyar. Rashin barci na yau da gobe yana ɗaga hawan jini, yana buɗe ƙofa ga ciwon suga, yana kawo mantuwa da saurin fushi. Kun sha ganin magidanta biyu sun kama kwalar juna a kan titi saboda an ɗan gogi mota. Sau da yawa gajiya ce take magana.

Masu bincike sun auna abin. A 2012 an wallafa wani nazari da aka yi kan mutum sama da 4,000 a jihar Texas ta Amurka, aka gano cewa waɗanda ke tafiyar da ta wuce kilomita 16 zuwa aiki sun fi samun hawan jini, waɗanda suka wuce kilomita 24 kuma sun fi ƙiba da ƙarancin motsa jiki. A 2014 hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta duba rayuwar ma'aikata, ta ga cewa damuwa da rashin walwala sun fi tsanani ga masu tafiyar minti 61 zuwa 90. Ku lura, akasarin waɗancan mutane a cikin mota mai gilashi ko jirgin ƙasa suke zaune. Mu a nan adaidaita ce buɗaɗɗiya, hancinka daidai salansar tirelar da ke gabanka, ga zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu.

Hayaƙin nan ya fi tayar min da hankali. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Hukumar ta kuma ce gurɓatacciyar iska tana kashe kimanin mutum miliyan 7 a duniya duk shekara. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikin hayaƙi suna wucewa har cikin huhu, su shiga jini, su wahalar da zuciya. Idan ka dawo gida ka share fuska da farin ƙyalle, dubi abin da ya fito. Irinsa ne ya shiga ƙirjinka. Mai asma da mai ciki da jaririn da ke goye sun fi kowa cutuwa.

Akwai wani ƙanena, ɗan unguwa, da yake aiki a bayan gari. Kullum ya dawo sai ya ce, "Yaya, bayana kamar zai ɓalle." Zama ne a takure, mutum uku a baya, wani a gefen direba, ga ramuka suna jijjiga ƙashin baya. Sai ya biya kemis ya sayi maganin ciwon jiki, ya kora da shayi, cikinsa ba komai. Wata shida yana haka, sai ga gyambon ciki. Irin waɗannan magunguna, in aka mayar da su abincin kullum, suna cin bangon ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Jiki magayi, kuma ya daɗe yana gaya masa.

'Yan'uwana mata, naku ya fi nauyi. Da yawa cikinku kun ƙi shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama ku a hanya, ba kuma wurin kewayawa. Riƙe fitsari da ƙarancin ruwa suna jawo ciwon mafitsara da tsakuwar ƙoda. Ki dawo a gajiye kuma tukunya tana jiran ki. Maigida, ka duba wannan, ka sassauta mata.

Gida ma yana biyan nasa kason. Wata mai bincike a Jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin ta nuna a 2011 cewa rabuwar aure ta fi yawa da kashi 40 cikin ɗari a tsakanin ma'auratan da ɗayansu ke doguwar tafiya zuwa aiki. Al'adarsu daban, tamu daban, amma mun san uban da ke fita yara suna barci, ya dawo suna barci. Ba ya sanin ko sun je Islamiyya, ba ya sanin abokan ɗansa. Zumunci ya koma waya, ta'aziyya da suna sai ranar Lahadi in ƙarfi ya rage.

Ba na ce kowa ya bar aikinsa ba, na zaune bai ga gari ba. Amma in za ka kama haya, kada kuɗin shekara kaɗai ya ruɗe ka. Haɗa da kuɗin mota na wata goma sha biyu da na magani, sau da yawa za ka tarar araha ba ta ado. Karya kumallo kafin ka fita, ko da koko da ƙosai ne, ka riƙe gorar ruwa. Sa takunkumi a cikin cunkoso. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya motsa jiki minti 150 a mako, saboda haka sauka kafin ka ƙarasa, ka taka sauran minti goma sha biyar da ɗan sauri, safe da yamma. Kwana biyar sun cika maka adadin. Ɗan sahu kuma, ɗan'uwana, kai da kake wuni cur a kan titin nan, duk abin da na faɗa ya ninka a kanka. Ka riƙa kashe injin, ka sauko ka miƙe, kuma in barci ya kama ka ka faka, rayukan mutane ne a bayanka.

Masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu, motar ɗaukar ma'aikata da ɗan sassaucin lokacin shiga za su dawo muku da mutane masu kuzari. Gwamnati kuma ta gina gadoji a Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro, mun gani, mun yaba. Abin da ya rage shi ne manyan motocin bas masu tsayayyen lokaci da tsayayyen farashi, domin bas guda yana ɗaukar abin da adaidaita goma sha biyar za su ɗauka.

Lokaci ya cim mana. Malam, Hajiya, a cikin makon nan ku shiga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna muku jini. Ba ya cin minti biyar. In an ce ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kada ku tsaya a kemis, ku ga likita. Allah ya kai kowa gida lafiya.