Hannu Kafin Allo: Yadda Ƙaramin Yaro Ke Sanin Lamba

Laccar da aka gabatar a taron malaman ajin share fage da iyayen yara

 

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a gida. Ku samu yaro ɗan shekara uku wanda ya iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba gargada, ku zuba dabino a faranti, ku ce masa: "Ba ni uku." Yara da yawa cika hannu za su yi su miƙo. Karen Wynn, masaniyar halayyar yara a Amurka, ta yi irin wannan gwaji a farkon shekarun 1990. Ta gano cewa yaro kan fara gane ɗaya, sai bayan watanni ya gane biyu, sannan uku, kafin ya fahimci cewa ƙirga ce ke faɗa masa yawan abu. Wannan tafiya takan ɗauki kusan shekara guda.

A nan muke yin tuntuɓe. Malama tana gaban allo da sanda, aji yana amsa mata da ƙarfi har ɗari. Uba ya ji ɗansa ya kai ɗari, sai ya ce kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Alhali hadda ce yaron ya yi. Hadda tana da amfaninta, amma ba ita ce lissafi ba.

To, yaushe za mu ce yaro ya san lamba? A littafinsu na 1978, Rochel Gelman da C. R. Gallistel sun zayyana ƙa'idoji biyar na ƙirga, uku daga ciki su ne aikinmu na kullum. Ta farko, kowane abu lamba ɗaya gare shi: yaro ya taɓa, ya faɗa, ya ture gefe. Ta biyu, jerin lambobi ba ya sauyawa. Ta uku, lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce yawan duka. In yarinya ta ƙirga marafan kwalba biyar, malama ta tambaye ta, "Nawa ke nan?" In ta ce biyar, ta kama hanya. In ta koma ƙirgawa daga farko, da sauranta, kuma ba laifinta ba ne. Jean Piaget ma ya nuna cewa in ka jera tsakuwa a gaban ƙaramin yaro sannan ka baza su, yakan ce sun ƙaru.

Sai bayan haka a zo ga siffar lamba. Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, ta sa yara su riƙa bin siffar lamba mai kaushi da yatsa. Mu yashi bai yi mana wuya ba. A zuba shi a tire, yaro ya zana 3 da yatsa, ya ajiye 'ya'yan tsamiya uku a gefe. A kawo kwano babu komai a ciki, a ce masa wannan shi ne sifili. In ya rikita 6 da 9, ko ya juya 5 baya, abu ne da aka saba gani a wannan shekaru. Gyara yake so, ba bulala ba. A kuma kula, kada a bar 'yan ƙasa da shekara uku da ƙananan abubuwan da za su iya haɗiyewa.

Tarawa da ɗebewa kuwa da labari ake shigarsu. "Akuya uku ne a turke, Baba ya sayo biyu ranar kasuwa, sun zama nawa?" Yaro ya jera kara uku, ya ƙara biyu, ya ƙirga. Ko malama ta nuna tsakuwa biyar, ta raba su a hannu biyu, ta buɗe hannu ɗaya: "Ga biyu, nawa na ɓoye?" Wannan ɗebewa ce, tun yaro bai taɓa ganin alamarta ba. A daɗe a kan biyar, sannan a je goma. Alamomin + da − su ne ƙarshen zuwa.

Iyaye, gida ma aji ne. Uwa mai raba ƙosai ta sa ɗanta ya ba kowa bibbiyu. Carafke da dara cike suke da ƙirga. Asuba raka'a biyu, Magariba uku: yaro yana gani kullum, tambaya kawai yake jira.

Saura maganar harshe. Manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ce a koyar da yaran share fage da harshen uwa ko na yankinsu. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci, ya nuna yaran ba su yi asara ba, riba suka ci. Yaron da ke fama da sabon tunani bai kamata a ɗora masa baƙon harshe a lokaci guda ba. Ya san uku da Hausa tukuna, sunanta na Turanci ba zai ba shi wuya ba.

Sanin lamba tun da wuri ba ƙaramin abu ba ne. Binciken da Greg Duncan da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, kan yaran Amurka da Birtaniya da Kanada, ya gano cewa lissafin da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi sauran abubuwan da suka auna nuna yadda karatunsa zai kasance a gaba.

Don haka ina roƙon masu makarantu su tanadi kwandon tsakuwa da marafai a kowane aji. Malamai, ku bar yaro ya taɓa kafin ya rubuta. Iyaye, ku daina tambayar "ya kai nawa?", ku zuba masa dabino ku ce ya ba ku uku. Allah Ya raya mana su, Ya sa su amfani al'umma.