Yawan Zunguri: Kalmar Turanci Da Ta Shafi 'Ya'yanmu

 

Yau za mu tsaya ne a kan wata kalma da iyaye kan ji a bakin likita ko malamin makaranta, su dawo gida ba su gane ba, wato overstimulation. Kalmar gaɓa biyu ce. Over na nufin fiye da kima. Stimulation kuwa asalinta daga Latin ne, stimulus, wato sanda mai tsini da ake zungurar shanu da ita. To, a Hausance sai mu ce yawan zunguri: ido da kunne da ƙwaƙwalwa sun sha zunguri har sun kasa ɗauka. In likita ya ce yaro ya zama overstimulated, ba hauka yake nufi ba, ba kuma iska ba.

Mu nan Jos ai mun san abin, ko da ba mu san sunansa ba. Ku dubi yaron Gangare ko Dilimi. Tun safe ga ƙarar janareta, ga hon ɗin Keke Napep a Titin Bauchi, ga lasifikar masu talla a Taminus. Ya dawo gida talabijin na ta surutu, an miƙa masa waya don ya yi shiru. Da dare sai kuka, da toshe kunne, da ƙin barci. Mu kuma sai mu ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala. Ashe zunguri muka ƙara masa.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin. Mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Don haka jama'a, in yaro ya rikice, kafin duka a kashe talabijin, a rage haske, a kai shi ɗaki shiru, a rungume shi in yana so. In abin yana yawan dawowa, a kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, domin yara masu lalurar galahanga sun fi shan wahalar wannan hali.

Amana ce Allah Ya ba mu. Allah Ya shirya mana su.