Vernon Moore: Mutum Na Tara Da Sahara Ta Riƙe

Yau sunan mutum ɗaya na kawo muku, kuma na tabbata yawancinku ba ku taɓa jin sa ba: Vernon Moore. Saja ne a rundunar sojan saman Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ɗan jihar Ohio. Aikinsa a cikin jirgi shi ne riƙe bindiga da taimaka wa mai rediyo.

Ranar 4 ga Afrilu, 1943, shi da abokan aikinsa takwas suka tashi daga filin jirgin Soluch, kudu da Bengazi a ƙasar Libiya, cikin jirgin ruwan bama-bamai samfurin B-24 mai suna Lady Be Good. An tura su kai hari birnin Naples na Italiya. Wannan ne fitarsu ta farko zuwa fagen daga, kuma daga ita ba su sake dawowa ba.

To me ya faru? A hanyar dawowa cikin dare, matuƙin jirgin, William Hatton, ya kira ta rediyo ya ce na'urar nuna hanya ta daina aiki. Suka wuce ta saman sansaninsu ba su sani ba, suka yi ta nausawa kudu cikin hamada, su a zatonsu har lokacin suna saman teku. Da mai ya kusa ƙarewa suka diro da lema. Jirgin ya ci gaba shi kaɗai, ya je ya faɗi kusan kilomita 700 daga gaɓar teku. Masu nema kuwa suka karkata wajen teku, don can kowa ya ɗauka sun faɗa.

Shiru, har shekara 15. Sai a 1958 masu binciken man fetur na Birtaniya suka hango jirgin daga sama. Da aka isa wurin a 1959, an tarar rediyonsa na aiki, ga ruwan sha, ga ɗan abinci, amma babu kowa.

A 1960 aka fara gano gawawwaki, tare da ɗan littafin da mataimakin matuƙi, Robert Toner, yake rubuta abin da ke faruwa kullum. Daga nan aka san sauran labarin. Ɗayansu, John Woravka, lemarsa ba ta buɗe sosai ba, ya mutu nan take. Sauran takwas suka haɗu suka nufi arewa, ruwan da ke hannunsu rabin gora ne kacal. Rabin gora fa, mutum takwas! A haka suka taka fiye da kilomita 120, suna ajiye takalma da ƙyallayen lema a hanya ko mai nema zai gani. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, jirgin da ruwansa da rediyonsa yana kudu da inda suka sauka, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. Ba su sani ba.

Da biyar suka kasa, uku suka ci gaba don nemo taimako: Guy Shelley, Harold Ripslinger da Vernon Moore. An samu gawar biyar ɗin, an samu ta Shelley da ta Ripslinger, an samu ta Woravka. Takwas kenan. Moore ne har yau ba a tabbatar da inda ya kwanta ba.

Na san wani zai ce, ai bam suka tashi kai wa garin mutane, me ya sa za mu tausaya musu? Tambaya ce mai kyau, don a Naples ma akwai mata da yara, kuma ba yabon yaƙi na zo yi ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka koma cikin yashi bayan shekara 17 ana nemansu ɗaya bayan ɗaya, har aka miƙa wa iyalai takwas gawar 'ya'yansu. Wanda aka yi wa rasuwa yana zaman makoki ya haƙura. Wanda nasa ya ɓace kuwa, kullum kunnensa na bakin ƙofa.

Wannan Saharar dai ita ce samarinmu suke ratsawa ta Agadas zuwa Libiya. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Waɗannan an gan su. Wa ke neman waɗanda ba a gani ba?

Don haka ga roƙona. In akwai wanda ya tafi daga gidanku ko unguwarku aka daina jin ɗuriyarsa, ku rubuta cikakken sunansa, ranar da ya tafi, da inda aka ji muryarsa na ƙarshe. Ku adana hotonsa. Ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman waɗanda suka ɓace, ku kai musu bayanin. Moore ya wuce shekara 80 a ɓace amma ga mu muna kiran sunansa, saboda an rubuta shi.

Allah Ya bayyana na ɓace, Ya ba iyalansu haƙuri.