Kunyar Uwa da Tarbiyyar 'Ya Mace a Zaman Sabo

Jawabin da aka gabatar a madadin reshen mata a taron iyaye na unguwar Sabo, Badun



Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa. Maganar da aka ɗora mana yau mai nauyi ce a baki, saboda haka muna neman afuwa tun da farko idan muka taɓo abin da ba a saba faɗa a gaban manya ba. Magana ce a kan 'ya'yanmu mata da suka fara tasawa, 'yan shekara 11 zuwa 17, da irin faman da mu iyaye mata muke yi da su.

Kowa a nan ya san tarihin wannan unguwa. Tun 1916 aka kafa Sabo, kakanninmu suka zauna da fataucin goro da shanu. Yau ga jikoki ga tattaɓa-kunne, wasunsu ba su taɓa ƙetare gadar Jebba ba. Alhamdu lillahi mun riƙe addini, mun riƙe harshe gwargwadon hali, mun riƙe tuwo da miyar kuka. Amma akwai abin da da yawanmu ba mu iya tahowa da shi ba, wato babban gida mai cike da dangi.

A can gida Arewa, uwa tana kunyar 'yarta, musamman 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama hira da ita. Wannan bai cuci yarinya ba, domin akwai kaka a ɗakin tsakiya, akwai goggo, akwai inna. Su ne suke jan ta gefe su gaya mata abin da ke tafe, su koya mata wanka da tsarki, su ji damuwarta. To, jama'a, mun taho da kunyar, amma goggon tana Kano ko Katsina ko Sakkwato. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau, zuwa gida sai shekara-shekara, wani lokaci ma sai an yi rasuwa. Sai ya kasance uwa ta yi shiru, kuma babu mai magana a madadinta.

Wata 'yar'uwarmu ta yarda mu faɗi abin da ya same ta ba tare da kama suna ba. 'Yarta ta fara al'ada tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ta ɓoye har wata uku. Duk lokacin da abin ya zo sai ta ce kanta na ciwo, ta ƙi zuwa makaranta, uwar kuwa ta yi ta faɗa tana kiranta malalaciya. Ashe wata Bayerabiya mai shago a bakin layi yarinyar ta gaya wa, ita ta ba ta audugar mata, ta kuma zo ta sanar da uwar. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Uwar ta ce da mu, abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ɗaki ɗaya suke kwana da 'yarta, amma yarinyar ta fi jin saukin buɗe baki a waje. Da hannun mugu ta faɗa fa?

Kuma mu dubi yadda muke zaune. Gidan haya ne, ɗaki ɗaya ko biyu, banɗaki ɗaya da maƙwabta, budurwa ba ta da inda za ta keɓe. Ta fita makaranta Turanci, a hanya Yarbanci da Buroka, ta dawo gida mu yi mata Hausa, yawanci kuma ta aike ce ko ta faɗa. Wayar salula da ta shigo ƙasar nan a 2001, yau tana cikin jakar 'yar shekara 14, da WhatsApp da TikTok a ciki. Mai tambayar da ba ta samu amsa a ɗakin uwarta ba, a nan za ta nema, kuma za a ba ta.

Ga kuma talla. Ba mu zo zargin kowa ba, mu ma da kuɗin fura da gyaɗa da shinkafa da wake muke sayen kayan ɗaki. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yarinyar da ƙirjinta ya fito, tana zagaye tsakanin 'yan canji da 'yan acaɓa har bayan isha'i, me muke zato take ji a kunnenta? In ta dawo kuwa, ciniki muke ƙirgawa, ba ma tambayar wa ya ce da ita me.

Idan abu ya fara ɓaci, maganinmu biyu ne, ko bulala, ko a cire ta daga makaranta a tura ta gida Arewa a yi mata aure. Alhali kuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, firamare 6, ƙaramar sakandare 3. Mu ne kuma muke kuka idan muka je asibiti haihuwa ba mu sami mai jin Hausa ba, sai an nemo mana tafinta. Daga ina ungozomar asibiti ko likitar za ta fito, in ba daga ɗakunanmu ba?

Saboda haka reshen mata ya zauna, ga shawarwarin da muka kawo.

Na farko, kowace uwa ta zauna da 'yarta kafin ta cika shekara 10, ta yi mata bayanin haila da tsarki da abin da ke hawa kanta na salla da azumi idan ta balaga. Yawancin 'yan mata tsakanin 11 da 14 suke farawa, wasu kafin nan. Malamanmu suna nan, za su shaida cewa koyar da wannan addini ne, babu rashin kunya a ciki.

Na biyu, wadda ta ga bakinta ba zai iya ba, ta zaɓar wa 'yarta uwar ɗaki a cikinmu, dattijuwa mai riƙe sirri, ta maye gurbin goggo. Ba baƙon abu ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, haka ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata 'yan'uwansu.

Na uku, talla ta ƙare kafin magariba, kuma ba shiga ɗakin kowa kai abinci. Waya ta kwana a hannun uwa.

Na huɗu, mu buɗe adashi na musamman don audugar mata da kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, kada wata yarinya ta zauna gida saboda waɗannan.

Ku kuma iyayenmu maza, muna roƙonku da girman Allah. Idan muka kawo muku maganar yarinya, kada amsar ta tsaya a "ke kika lalata ta". Wannan kalma ce take sa mu ɓoye muku abu har ya girma. Ku zauna da mu a nemi mafita tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwa mata, idan mun koma gida yau, bayan an kwashe tuwo, kowace ta kira 'yarta ta tambaye ta yadda ta wuni, ta kuma yi haƙuri ta saurara har ta gama. Wataƙila yau ba za ta ce komai ba. A sake tambaya gobe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya rufa mana asiri, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.